Teku a Cikin Falo: Abin da Kafa Babban Tankin Murjani Yake Nema Wurin Mutumin Makera

Laccar da aka gabatar a taron masu kiwon kifi a Makera, ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu



  

Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne yadda ake kafa babban tankin gilashi na ruwan gishiri a cikin gida, irin wanda ake rayar da murjani da kifayen teku a cikinsa. Na san tambayar da ke zuciyar wasunku tun kafin in fara. Malam, muna nan muna fama da tsadar abincin tarwaɗa, kai kuma ka zo mana da zancen teku? Ina Makera, ina teku? Tambaya ce mai kyau, kuma amsata biyu ce. Ta farko, 'ya'yanmu sun riga sun ga waɗannan tankuna a wayoyinsu, wasu har sun fara tambayar farashi a Abuja da Legas. In ba a faɗa musu gaskiya ba, za su zubar da kuɗi, su kuma kashe halittun da aka ɗebo daga nisan duniya. Ta biyu, duk abin da zan faɗa a kan ruwa zai yi wa mai tarwaɗa da mai karfasa amfani, ko da bai taɓa sayen kifin teku ɗaya ba.

Maganata duka ta taru a wuri ɗaya, ku riƙe ta: mai tankin murjani ruwa yake kiwo. In ruwan ya tsaya a hali ɗaya dare da rana, bazara da hunturu, kifi da murjani za su yi nasu aikin. In ruwan yana hawa da sauka, babu kuɗin da zai cece su. Zan bi batun ta matakai bakwai.

Na ɗaya: Mene ne murjanin nan?

Kalmar ba baƙuwa ba ce a bakin Bahaushe. Kakanninmu mata sun ɗaura jan murjani a wuya da hannu, an sa shi cikin kayan amare, kuma Alƙur'ani mai girma ya ambace shi a Suratur Rahman tare da lu'ulu'u. Wancan jan murjani daga Bahar Rum ake samo shi, fataken Sahara suka riƙa kawo shi kasuwannin ƙasar Hausa. Alhazanmu na dā da suka tafi Makka a ƙasa, ta Borno da Chadi da Sudan, da yawansu a Suwakin suka shiga jirgin ruwa, garin da aka gina gidajensa da dutsen murjani. Da suka sauka Jidda, tsofaffin gidajen da suka tarar su ma da dutsen ne aka gina su. Yau ma alhajin da ya samu sarari a Jidda zai iya shiga gidan kifi na Fakieh, wanda aka buɗe a 2013, ya ga halittun Bahar Maliya da idonsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne murjani dabba ce. Tarin ƙananan halittu ne, kowace da baki ɗaya da 'yan yatsu kewaye da shi, suna zaune a haɗe, suna gina wa kansu ƙashi da sinadarin da ke cikin dutsen da ake yin siminti da shi. Irin wanda ake sawa a tanki ya bambanta da jan murjanin ado. Shi a ruwa mai ɗumi marar zurfi yake rayuwa, kuma a cikin tsokarsa akwai wasu ƙananan tsirrai dangin gansakuka waɗanda ido ba ya gani. Su suke amfani da hasken rana su haɗa abinci su ba shi, shi kuma ya ba su masauki. In ruwa ya yi zafi fiye da kima na tsawon kwanaki, sai murjanin ya kori baƙin nasa, ya koma fari fat, yunwa ta kama shi. Haka ya faru a tekunan duniya a 1998, ya sake faruwa a 2016 da 2024, har a babban gandun murjani na Ostireliya mai tsawon kimanin kilomita 2,300.

Gandayen murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku sun dogara da su. Gaɓar tekun Najeriya, mai tsawon kusan kilomita 850, ba ta da irin wannan gandu, domin Kwara da sauran koguna suna zuba mata ruwan daɗi da laka, shi kuwa murjani ruwa garau yake so. Ma'ana, duk abin da za ka sa a tankinka daga wata ƙasa zai zo. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani sau biyu.

Na biyu: Wuri, girma da nauyi

Me nake nufi da babban tanki? Mu ɗauki mai tsawon santimita 180, faɗi 60, tsayi 60. Wannan yana ɗaukar kusan lita 650. A ƙarƙashinsa kuma, cikin kabad, ana ajiye wani ƙaramin tanki na lita 150 ko fiye, inda ake ɓoye injuna da matata. Wani zai ce, me zai hana in fara da ƙarami? Kuna da amsar a kicin. Ruwan kofi nan da nan yake hucewa, na babbar tukunya yana daɗewa. Ruwa mai yawa ba ya saurin canza zafi ko gishiri, saboda haka babban tanki ya fi yafe wa mai koyo kuskure. Sai dai komai nasa ya fi tsada.

Yanzu mu yi lissafin nauyi. Litar ruwan teku ta ɗan ɗara kilo 1. Ka haɗa ruwan sama da na ƙasa, da gilashi mai kaurin milimita 12 zuwa 15, da duwatsu da yashi da ƙarfen da zai ɗauki tankin, za ka tarar kana maganar kusan tan 1. Buhun siminti 20 ke nan a jibge a wurin da bai fi gadon mutum ɗaya ba, kuma za su zauna nan shekara da shekaru. Mai zama a bene ya kira injiniyan gini ya duba kafin ya sayi ko da bututu. Mai gidan haya ya nemi yardar mai gida a rubuce, ya kuma tambayi kansa: ranar da aka ba ni notis, yaya zan yi da teku?

Ga inda muke da sa'a. Sunan unguwar nan ma daga maƙera ya samo asali, kuma har yau ba mu rasa masu walda da masu yankan gilashi ba, ga kuma Panteka a ƙetaren kogi. Za su ƙera maka ƙafar tanki mai ƙarfi. Amma ka tsaya a kansu kan abubuwa uku. Saman ƙafar ya zama shimfiɗe daidai, a gwada da ma'aunin magina, domin karkata kaɗan tana tsaga gilashi bayan watanni. Ƙarfen ya sha fenti mai hana tsatsa ciki da waje, domin gishiri yana cin ƙarfe kamar gara. Sannan gam ɗin da za a liƙa gilashi ya zama silikon na tankin kifi zalla, banda na banɗaki, wanda ake zuba wa maganin fumfuna mai kashe halittu. Bututu duka na roba. Kada jan ƙarfe ko tagulla su taɓa ruwan, ko kan famfo ɗaya, domin ɗan abin da ke narkewa daga jikinsu guba ne ga murjani.

Wurin kuma ya zama nesa da tagar da rana ke bugawa, kusa da magudanar ruwa, kuma inda yara ba za su hau ba.

Na uku: Ruwa da gishiri

Na sha jin tambayar nan: in sayo buhun gishiri a kasuwa in zuba a ruwan rijiya, ba teku ke nan ba? A'a, ɗan'uwa. A cikin kowace litar ruwan teku akwai kimanin giram 35 na gishiri, amma kashi 85 cikin 100 ne kawai irin gishirin miyarmu. Sauran maganiziyam ne da kalsiyam da fotasiyam da wasu sinadarai, kuma da waɗannan murjani ke gina ƙashinsa. Gishirin girki, ko na Bilma, ko kanwa, babu wanda zai yi. Sai haɗaɗɗen gishirin da kamfanoni irin su Instant Ocean da Red Sea da Tropic Marin suke yi domin wannan aiki. Cika tankin da muka ɗauka misali zai ci kusan kilo 30 a tashin farko.

Ruwan da za a narka shi a ciki ma sai an wanke shi. Ruwan famfo yana da kulorin. Ruwan rijiya da na bohol, musamman a unguwa mai cunkoso irin tamu inda rijiya da shadda suke maƙwabtaka, yana iya ɗauke da nitiret da ƙarfe da abin da ido ba ya gani. Ka sha shi lafiya, murjani ya sha ya mutu. Maganin shi ne ƙaramar matatar da ke tura ruwa ta cikin siririyar fata, irin wadda gidajen fiya-wata suke aiki da babbarta, a ƙara mata wani mataki mai tsotse ragowar sinadarai. Kafin ka fara, ka kai ruwan gidanka a gwada. Muna da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, a cikin garin nan, ga kuma ɗakunan gwaji na manyan makarantunmu.

Bari in juya ga iyayenmu dattawa. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, Kakuri da Makera suka cika da mutanen da aikinsu ke nan gwada ruwa. Wanda ya yi aiki a sashen rini ko wajen tukunyar tururi ya san tsamin ruwa da kaurinsa, ya san launi ba ya kama yadi in ma'auni ya kauce. Baba, ilimin nan da kuka yi ritaya da shi, shi ne ainihin abin da jikokinku suke nema a intanet. Ku zaunar da su ku koya musu.

Ga alƙaluman da mai tanki zai haddace kamar lambar wayarsa. Gishiri kashi 35 cikin 1,000. Ma'aunin tsami tsakanin 8.1 da 8.4. Kalsiyam 400 zuwa 450. Maganiziyam wajen 1,300. Kuma ku lura da wannan, domin nan hunturunmu yake kama mutane: ruwa yana tashi sama, gishiri ba ya tashi. A watan Disamba da Janairu, lokacin da iska ta bushe, babban tanki zai iya rasa lita da dama a yini. In ka cika gurbin da ruwan gishiri, kullum gishirin ƙaruwa yake yi. Da tataccen ruwan daɗi ake cikawa, kaɗan-kaɗan, kowace rana.

Na huɗu: Wuta da zafi

A nan zan daɗe, domin nan ne Makera ta bambanta da Landan. Littattafan da Turawa suka rubuta kan wannan sana'a suna cike da zancen ɗumama ruwa. Mu damuwarmu sanyaya shi. Murjani yana son digiri 25 zuwa 27 a ma'aunin Salsiyas. A watan Maris da Afrilu zafin Kaduna yana wuce digiri 35 da rana, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. Fitilu da famfunan tankin su ma zafi suke ƙarawa. Da zarar ruwan ya haura 30 ya zauna a can, murjani ya fara fari. Ga wata matsalar a kai: ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, ruwan gishiri kuma dama bai kai ruwan daɗi riƙe ta ba.

Ku masu tarwaɗa Allah ya yi muku sauƙi. Tarwaɗa tana da abin shaƙar iska daga sama, shi ya sa take jure ruwan da ya lalace, har ta yi rarrafe a tabo. Kifin murjani bai san wannan ba. A inda aka halicce shi igiyar ruwa ba ta tsayawa ko daƙiƙa ɗaya. Famfo ya tsaya na sa'o'i kaɗan a daren bazara, da asuba sai ka tarar da gawarwaki.

Ni ganau ne. Tankina na farko a watan Afrilu ya mutu. An ɗauke wuta bayan isha'i, man janareta ya ƙare cikin dare ina barci. Da na fito sallar asuba na haska tocila, kifayen da na shekara ina ciyarwa suna kwance a kan yashi, murjanin kuma ya saki wata irin majina ya rufe kansa. Kuɗin da na yi asara bai dame ni kamar sanin cewa an ɗauko su daga inda suke lafiya, aka danƙa mini, na kasa ba. Tun daga ranar na sa wa kaina doka: wuta kafin gilashi.

Ku tuna watan Oktoba na 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Duk mai niyyar kafa tanki ya tambayi kansa: da ina da shi a wancan makon, da me zan riƙe shi?

A lissafina, famfunan tanki irin wannan suna jan kimanin wat 150 ba tsayawa, fitilu wajen wat 250 zuwa 300 na sa'o'i 9 ko 10, injin sanyaya ruwa kuma ya fi su duka ci a lokacin zafi. In ka tara, a bazara za ka doshi yunit 8 zuwa 10 a rana. Saboda haka tsarin da nake ba da shawara hawa uku ne. Sola da inbata da batura su zama tushe, waɗanda za su iya riƙe famfuna har gari ya waye. Janareta ya tsaya a baya domin injin sanyi da ranakun hadari na Agusta. Sannan ƙaramin famfon iska mai batirin kansa, wanda ke tashi da kansa in komai ya mutu. Fanka mai hura saman ruwa tana rage digiri 1 ko 2, amma tana ƙara shanye ruwa. Ka kuma ajiye ƙaramar hita domin daren hunturu, lokacin da sanyi ke sauka wajen digiri 15. Wanda bai iya wannan tanadin ba, ya dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na biyar: Dafa dutse

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. A wannan sana'a maganar ba misali ba ce, aikin ke nan. Bayan ka jera duwatsu, ka zuba yashi, ka cika ruwa, ka kunna injuna, sai ka naɗe hannu na mako 4 zuwa 6 ba tare da ka sa kifi ko ɗaya ba. Me ake jira?

Kifi yana fitar da ammoniya ta kashinsa da ta matsatsin numfashinsa, ita kuwa guba ce. Akwai wasu bakteriya masu amfani da ke zama a ramukan dutse, su mayar da ammoniya nitirayit, wadda ita ma illa ce, wasu kuma su karɓa su mayar da ita nitiret, mai sauƙin cutarwa. Sabon tanki ba shi da waɗannan ma'aikata. Sai ka sa musu ɗan abinci, ko ɗigon ammoniya, ka bar su su hayayyafa. Kana gwadawa duk bayan kwana biyu ko uku: za ka ga ammoniya ta hau ta sauka, nitirayit ta hau ta sauka. Ranar da duka biyun suka koma sifili, ranar dutse ya dahu. Masu tarwaɗa, wannan shi ne dalilin da sabon kududdufi yake kashe 'ya'yan kifi in aka cika shi da yawa rana ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza.

A makonnin nan tankin zai yi muni. Gansakuka ruwan ƙasa za ta rufe yashi, koriya ta biyo baya. Baƙi za su zo su ce, wannan ne abin da ka kashe wa kuɗi? Ka ba su haƙuri, ka ba kanka. Wucewa take yi.

Injunan da ke aiki a wannan lokaci su ne za su yi aiki har ƙarshe. Akwai famfon da ke ɗaga ruwa daga tankin ƙasa zuwa na sama. Akwai masu kaɗa ruwa su yi igiya, domin murjani ba ya tafiya neman abinci, ruwa ke kawo masa, ruwa ke kwashe masa datti. Akwai injin kumfa, wanda ke cakuɗa ruwa da ƙananan kumfar iska, datti ya manne musu ya taru a kofi, ka zubar. Sai fitilu masu ƙarfi da suka karkata zuwa shuɗi, domin shuɗin haske ne ke ratsa ruwan teku. Wannan tsari na dutse da injin kumfa da haske mai ƙarfi masu sha'awar abin a birnin Balin na Jamus ne suka daidaita shi, shi ya sa ake kiransa tsarin Balin. Kiwon halittun teku a gilashi kuwa ya girme shi nesa, domin tun 1853 aka buɗe gidan kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan.

Na shida: Wa za ka saukar a gidan?

Yaranmu duka sun san ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farin ɗamara, saboda fim ɗin Finding Nemo na 2003. Alhamdu lillahi, shi ne ya fi dacewa da mai farawa, domin ana ƙyanƙyasar shi a gonakin kifi, ba sai an kamo daga teku ba. Ga wani abin al'ajabi game da shi: dukansu maza ake haifarsu, wanda ya fi girma a cikin rukuni shi yake rikiɗa ya zama mace. Ka fara da biyu. Bayan makonni ka ƙara wasu ƙanana masu zaman lafiya. Shuɗin kifin da ke cikin fim ɗin yana girma, yana son fili, yana saurin kamuwa da cutar fararen ɗigo, ka bar shi sai ka ƙware.

Kowane sabon kifi ya yi kamar wata guda a wani ƙaramin tanki na daban kafin ya shiga babban. Dalili? Maganin da ya fi kashe cutar fararen ɗigo da jan ƙarfe ake haɗa shi, kuma na riga na faɗa muku abin da jan ƙarfe yake yi wa murjani. In cuta ta shiga babban tanki, ba ka da halin zuba magani. Rigakafi ya fi magani.

Murjani ma hawa-hawa ne. A fara da masu laushi, marasa ƙashi, su ne masu juriya. Bayan wata 6 ko fiye a gwada masu ƙashi da manyan baki. Masu rassa kamar ƙahon barewa, irin su Akurofora, sai tanki ya shekara yana tsaye daram. Ku kiyaye wani nau'i mai kama da ƙananan furanni a jere: wasunsa suna da dafi mai tsanani. A sa safar hannu da tabarau, kada a kankare dutsensa a rufaffen ɗaki, kada a zuba masa tafasasshen ruwa.

Sai maganar doka da halal. Murjani masu ƙashi suna cikin jerin halittun da yarjejeniyar CITES ta tsare cinikinsu, kuma Najeriya tana cikin yarjejeniyar tun da ta fara aiki a 1975. Shigo da su yana bukatar takardu, ga kuma hukumar killace kayan gona ta ƙasa da ke duba halittun ruwa a tashoshin shigowa. Ka tambayi mai sayarwa takardunsa. Ka tambaye shi daga ina. A wasu sassan Filifin da Indunusiya an daɗe ana fesa wa kifi gubar sayanayid domin a kama shi da rai. Kifin yakan mutu bayan makonni a gidan wanda ya saya, murjanin da aka fesa a kansa kuma ya mutu a can. Kuɗinka kada ya shiga wannan ciniki. Ka nemi kifin da aka haifa a gona da reshen murjanin da aka yanko daga tankin wani.

Na bakwai: Hidima, kuɗi da amana

Kafa tanki aikin watanni ne, riƙe shi aikin shekaru. Kullum za ka duba zafi, ka cika ruwan da ya tashi, ka ba da abinci daidai abin da za su cinye cikin minti 2, ka ƙirga kifayenka. Kowane mako ka gwada sinadarai, ka wanke kofin kumfa, ka goge gilashi. Duk mako biyu ka canza kashi 10 cikin 100 na ruwan da sabon haɗi wanda ya kwana yana juyawa. Ka sayi littafi ka riƙa rubuta kowane gwaji da kwanan wata, domin littafin zai nuna maka matsala tun tana tafe. A hunturu ka rufe tagogi saboda ƙura. Kada a fesa maganin sauro a ɗakin, kada a kunna na hayaƙi, kada a sa turaren wuta kusa, domin injin kumfa iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Uwargida da yara su san wannan kamar yadda ka sani. In za ka yi tafiya, ko Umara ko ƙauye, wa ka koya wa?

Kuɗi kuwa, ba zan ɓoye muku ba. Kusan komai da dala ake sayo shi, kuma in ka haɗa da sola, abin zai iya kai kuɗin mota ta hannu. Wanda bai gama da kuɗin makarantar yara da haƙƙin iyali ba, wannan ba layinsa ba ne tukuna. Ya fara da tankin ruwan daɗi, ya koyi gwada ruwa da kifayen kogunanmu, waɗanda Turawa ma suke saye daga Najeriya domin ado. Sannu ba ta hana zuwa.

Kun san hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Kifin da ke cikin gilashi ya fi kyanwar nan rauni, domin ko an buɗe masa ƙofa ba shi da inda za shi. Iskarsa, abincinsa, zafinsa da sanyinsa duk suna hannunka. Amana ce, kuma za a tambaye ka.

Kammalawa

Jama'a, masana ilimin ƙasa sun nuna cewa dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti da shi, a ƙarƙashin teku ya taru, miliyoyin shekaru da suka wuce, kuma har yau ana tsintar ɓawon halittun ruwan gishiri a cikinsa. Teku ta taɓa zama a ƙasar nan, Allah ya janye ta. Wanda yake son ya dawo da lita 650 daga cikinta zuwa falonsa, sai ya ɗauke mata abin da rana da igiya da faɗin teku suke yi kyauta, ya yi shi da hannunsa kowace rana.

Abin da shekarun nan suka koya mini shi ne kallon ruwa. Mutumin da ya ga yadda ɗigon guba ɗaya yake kashe tanki, ba zai ƙara tsayawa kan gadar Kaduna ya kalli kogin nan kamar dā ba. Zai ga ledoji da baƙin mai da ruwan kwatar da magudanun unguwanninmu suke zuba masa, ya tuna akwai masunta da manoman rani da ke ci daga gare shi, akwai kuma halittun da su ma ba su da inda za su. Ko mutum ɗaya bai kafa tankin murjani ba a cikinku, in kuka fita daga nan kuna gwada ruwan kududdufanku, kuna kuma kula da abin da ke fita daga kwatar gidajenku, zuwana ya biya.

 Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure ku gyara mini, musamman iyayenmu da suka riga mu sanin ruwa. Na zo da ma'aunin gishiri da kwalaben gwaji, suna kan teburin nan, duk mai so ya matso ya gani bayan an tashi. Yanzu kuma fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara daga ɓangaren iyaye mata.